Tsagar Gobir da Mutanen Wata Duniya

A ƙarshen shekarun tamanin muka tare a wani bene a unguwar Highbridge da ke Bronx, a kan tudun da idan ka dawo daga sayayya da kaya a hannu sai ka tsaya ka huta kafin ka kai ƙofa. Maigidana direba ne a wani ofishin jakadanci a Manhattan. Ni ina gida da yara biyu, ina ɗan taɓa kitso idan an samu mai so. Turancin da na fito da shi daga sakandare a Kano ya ishe ni ciniki da kallon talabijin, amma bai ishe ni faɗa da mai gidan haya ba, wannan sai maigidana ya dawo.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wasu maza 'yan Nijar da suka haɗu suka kama ɗaki. Babbansu wani dattijo ne Bagobiri daga wajen Maraɗi, dogo, siriri, mai furfura a gemu. Yana da tebur a bakin titin Fordham Road, yana sayar da hulunan sanyi da safar hannu idan hunturu ya shigo, da lema da tabarau idan zafi ya zo. A masallaci suka saba da maigidana, har ya zama duk Asabar da yamma idan ya naɗe tebur yakan hawo wurinmu ya ci tuwo. Dukanmu Baba muke ce masa, har maigidana.

Yana da tsagar Gobirawa, cikakkiya, wadda ke tashi daga gefen baki ta bazu a kunci har kusa da kunne. A gida ba wanda zai kalle ta sau biyu. Ni ma sai da aka yi maganar sannan na ƙara dubanta da kyau.

Wata Asabar yana wanke hannu ya ce wa maigidana akwai abin da ke ɗaure masa kai.

"Ɗiyan wanga gari," in ji shi, "in sunka biyo ta gaban teburina sai su tsaya, su aza yatsu biyu ga kunci, su ja ƙasa, su duƙa kaɗan. Har manya na yi. Jiya wani ƙato direban bas ya yi min. Zagi na, ko mi?"

Maigidana ya ce bai sani ba. 'Yata, wadda ke firamare a lokacin, ta fashe da dariya, ta ce da Turanci ai gaishe shi suke yi, haka mutanen daular suke gaida manyansu. Aka tambaye ta wace daula. Ta nuna talabijin, ta ce a jira, yanzu za a sa.

Shiri ne na 'yan sama jannati da ake nunawa duk mako a daidai wannan lokaci. Na sha ganin yaran suna kallo, ban taɓa zama na bi ba. Labarin wani babban kumbo ne cike da 'yan Adam, suna yawo tsakanin taurari, suna haɗuwa da halittu iri-iri. Manyan abokan gabarsu mutanen wata daula ne da ta mallaki duniyoyi da yawa. Sunan daular bai taɓa zama a bakina ba, kullum sai yaran sun gyara mini, har na daina faɗa. Fatarsu kalar toka ce mai ɗan shuɗi-shuɗi, ba su da gira, suna sa dogayen riguna baƙaƙe masu tsayayyen wuya. A kuncinsu kuwa akwai layuka da suka tashi daga gefen baki zuwa kunne.

Da aka nuno na farkonsu, Baba ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya matsa kusa da akwatin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wanzaminsu bai iya ba. Sun yi kauri da yawa."

Ya ci gaba da kallo har aka gama. Asabar ta gaba ya zo da wuri.

Turancinsa na ciniki ne, farashi da gaisuwa, don haka ni na zama mai fassara. Idan aka tafi talla sai in gaya masa abin da aka ce a taƙaice, wanda ban gane ba in cike da abin da na ga ya dace. Maigidana yawanci barci yake yi a kujera. A haka na san mutanen daular nan fiye da yadda na san maƙwabtanmu na sama.

Uku ne suka fi fitowa. Akwai wani tsohon mayaƙi mai shanyayyen hannu, wanda ke jagorantar jiragen yaƙinsu, ba ya dariya, ba ya kuma ƙarya. Baba ya sa masa Sarkin Yaƙi. Akwai wata tsohuwa, gwaggon sarkinsu, wadda ke zaune a bayan labule a fada, ba a yanke komai sai an ji ta bakinta. Ita Inna yake ce mata, ya ce su ma a Gobir suna da irinta, kuma sarki ma tsoronta yake. Na ukun jakadansu ne, mai sanyin murya, wanda ake aikawa wurin 'yan Adam a yi sulhu. Shi wannan Baba bai ba shi sarauta ba, "wanga mutum" kawai yake ce masa. Shi kansa sarkin yaro ne, ba a cika nuna shi ba, kuma Baba bai damu da shi ba.

Tun daga farko ɓangaren daular ya ɗauka. Yarana suna bayan kyaftin ɗin kumbon 'yan Adam, wani farin mutum mai yawan jawabi. Baba ya ce mutumin kirki ne, amma bai ga dalilin da zai sa kullum ya shiga ƙasar mutane ba sallama, sannan ya yi mamaki an harbe shi ba. Idan an ci daular da yaƙi, wanda kusan kullum haka ake yi, sai ya girgiza kai ya sha ruwa. Idan Sarkin Yaƙi ya tsaya gaban fada yana faɗa musu gaskiyar da ba su so, sai ya ce mini, "Ɗiyata, hwaɗa min wagga magana duka, kar ki rage."

Akwai wani mako da aka nuna Sarkin Yaƙi ya koma garinsu ya tarar an rushe gidan ubansa an yi filin saukar jirage. Ya tsaya a wurin shi kaɗai, ya duƙa ya ɗebi ƙasa, ya zuba a aljihu, ya koma bakin aiki. Ba a yi magana ba a wannan wurin, ba abin da zan fassara. Baba ya kalla har ƙarshe, ya tambayi maigidana ko an ce za a yi ƙanƙara gobe, don ya san kayan da zai fitar.

Abin da ya fi damunsa shi ne yadda Sarkin Yaƙi ya yarda da jakadan. Mu masu kallo mun san jakadan yana cin tudu biyu, yana kai sirrin fada wurin 'yan Adam, yana kuma ɓata tsohon a wurin Inna. Shi kuwa tsohon da shi yake shawara. Baba ya kan ce, "Mutum da girmanai, shina zaune da maciji cikin ɗaki."

A bakin titi kuwa ya fara mayar da gaisuwar. Idan masu wucewa sun sa yatsu a kuncinsu, shi ma sai ya sa nasa, fuska a ɗaure kamar ta Sarkin Yaƙi. Ya ce wasu sukan tsaya su sayi hula bayan sun gama dariya. 'Yan ɗakinsu ba su so abin ba. Wani daga cikinsu, mai karatu, ya ce masa bai dace dattijo ya mayar da kansa abin wasan yara ba, kuma ana kwatanta shi da aljanu yana murna. Baba ya ce shi bai ga aljani a ciki ba, mutane ya gani masu sarki da fada da munafukai, kamar kowa.

Direban bas ɗin nan da ya taɓa gaishe shi ya zama mai saye a wurinsa. Shi ya gaya masa za a yi taron masu son shirin a wani otal a Manhattan, mutane za su cika, ya kawo kayansa ya kasa a bakin ƙofa. Baba ya zo ya tambayi maigidana. Maigidana yana da aiki ranar, akwai baƙi da zai ɗauko daga filin jirgi, sai ya ce in raka shi tunda ni ce mai yi masa fassara. Na bar yaran wurin wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ko da yake sun yi ta rigima sai sun je. Muka ɗauki jakunkuna biyu na huluna muka shiga jirgin ƙasa.

Lokacin kaka ne, sanyi ya fara amma bai kai na hula ba. Tun daga tasha muka fara ganinsu. Manya ne, ba yara ba, wasu da teɓa, wasu da furfura, sun sa kayan 'yan kumbo, wasu kuma sun shafa toka-toka a fuska sun manna roba a kunci. Akwai wata mata da ta yi shigar Inna tana tura keken jariri. Baba ya shimfiɗa zani a gefen matakalar otal ɗin ya jera huluna. Ni na tsaya a bayansa da mayafina, ina kallo.

Ba a daɗe ba mutane suka fara tsayawa, ba don hulunan ba. Wata mata mai matsakaicin shekaru, cikin baƙar rigar daular, robar kuncinta ɗaya ta fara ɓanɓarewa, ta durƙusa gabansa ta ce wa ya yi masa kwalliya, ba ta taɓa ganin wadda ta zauna haka ba. Kafin in gama fassarawa ta miƙa hannu ta shafa kuncinsa.

Na ga lokacin da ta gane. Ta janye hannun kamar ta taɓa tukunya a wuta, wuyanta ya yi ja inda tokar ba ta rufe ba. Ta shiga ba da haƙuri, kalma a kan kalma.

Baba ya ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Tambaya ta yi wa ya yi maka. Yanzu kuma haƙuri take bayarwa."

"Hwaɗa mata wanzamin garinmu na, ina jinjiri. Ya rasu tuni. Hwaɗa mata tata ta ɓalle ta hagu."

Na gaya mata. Ta dafe robar da hannu, sai ta sayi hula biyu, ba ta tsaya zaɓen kala ba. Ta tafi, can sai ga ta ta dawo da wani mutum mai kati a wuya, cikin masu shirya taron. Ya ce ɗan wasan da ke fitowa a Sarkin Yaƙi yana ciki yana sa hannu a hotuna, ko Baba zai so ya gan shi? Ba sai mun sayi tikiti ba.

Baba ya ce to kayan fa. Matar ta ce za ta zauna ta tsare. Haka muka bar ta a tsugune a bakin matakala cikin rigar daula tana gadin hulunan sanyi.

Cikin zauren akwai hayaniya da warin gam da gumi. Aka bi da mu ta gefen wani dogon layi har gaban tebur. Wanda ke zaune a wurin wani ɗan ƙaramin tsoho ne mai sanƙo, da tabarau, da rigar sanyi ruwan ƙasa wadda gwiwar hannunta ta sha jiki. Kuncinsa sumul. Hannayensa biyu lafiya lau, ga hankici a ɗaya, yana fama da mura. Da ba don muryar ba, da na ce an kawo mu wurin wani ne daban.

Baba ya tsaya yana dubansa. Shi ma ya ɗago ya dube shi, ya cire tabarau, ya miƙe tsaye ya ba shi hannu. Mai katin ya yi masa bayani a kunne. Tsohon ya tambayi Baba, ta bakina, ko da zafi lokacin da aka yi masa tsagar. Baba ya ce bai sani ba, ba ya tunawa, sai dai a tambayi uwarsa. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shi tasa tun da asuba ake zaunar da shi ana manna masa, ta wuni tana masa ƙaiƙayi, idan an cire da yamma fatarsa kamar an ƙona.

Layi yana jira, mai katin ya fara duba agogo. Na ɗauka mun gama. Sai Baba ya taɓa hannun mayafina.

"Tambaye shi, don mi ya yarda da wanga mutum?"

"Baba, ai wasa ne."

"Na sani. Tambaye shi."

Na tambaya. Ɗan wasan bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce ba shi ke rubutawa ba, wasu matasa ne a can California, shi sai an miƙo masa takarda yake sanin abin da zai faɗa. Amma ya ce shi ma ya yi tunanin abin, kuma a ganinsa Sarkin Yaƙi ya san halin jakadan sarai, kawai ba shi da wani wanda zai yi hira da shi a fadar ne. Ya ƙara da cewa wanda ke fitowa a jakadan abokinsa ne na shekaru, tare suke cin abincin rana.

Na fassara duka, ban rage ba. Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "To. Ya dai yi hankali." Na faɗa, tsohon ya ce zai gaya wa masu rubutun. Ya ɗauki hoto ɗaya ya sa hannu ya miƙa masa. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya da Faransanci, muka fito.

Ba mu yi wani ciniki ba bayan nan. Da la'asar ta yi ya nemi wani lungu a bayan otal ɗin ya yi salla, muka naɗe kaya. A jirgi ya zauna da jaka tsakanin ƙafafunsa, har muka haye kogi muka shiga Bronx. Sannan ya ce mutumin nan ba shi da lafiya, ya kamata a ce yana gida an dafa masa citta da kanumfari, ba a zaunar da shi gaban jama'a ba. Ya ce kuma mutumin ya girme shi, a talabijin ba a gane hakan. Hoton ya ba 'yata da muka isa gida.

Ya ci gaba da zuwa duk Asabar. Na ɗauka ganin mutumin a fili zai rage masa sha'awa, amma ban ga alama ba. Yadda yake kallo da, haka ya ci gaba, yana jin haushin jakadan kamar bai ji cewa tare suke cin abinci ba.

A shekarar da ta biyo aka kashe Sarkin Yaƙi. Jakadan ne ya shirya, aka tura shi wani yaƙi da jirage kaɗan, aka janye masa taimako. Inna ta sani, ba ta hana ba. An nuna shi zaune a kujerarsa, wuta na cin jirgin, ya sallami yaransa su tsira, shi ya ƙi tashi. Baba ya ce, "Inna lillahi," da ƙarfi har maigidana ya farka ya tambaya wa ya mutu. Da aka gaya masa ya yi tsaki ya koma barci. Baba ya ɗan yi wa kansa dariya, ya ce a ƙaro masa miya.

Bayan nan daular ta koma hannun jakadan, aka shiga sulhu da 'yan Adam, aka kawo wasu sababbin abokan gaba masu kama da ƙwari, waɗanda ba su da fada, ba su da magana. Baba ya kalli 'yan makonni ya ce waɗannan ba mutane ba ne, ba abin da za a fassara. Yana zuwa cin tuwo, amma sai ya juya wa akwatin baya suna hira da maigidana a kan labarin gida da juyin mulki.

Wajen tsakiyar shekarun casa'in hukumar birni ta matsa wa masu tebur a bakin titi. Sau biyu ana kwashe masa kaya. Wasu 'yan ɗakinsu suka kama shago a Harlem, wasu suka koma tuƙin tasi. Shi wani ɗan'uwansa ya kira shi can kudu, wani gari a Carolina inda 'yan Nijar suka fara taruwa, ya samu aiki a wata masana'antar safa. Maigidana ya kai shi tashar bas da akwati ɗaya da buhun hulunan da suka rage.

Ya yi mana waya da Salla sau biyu ko uku. Ya ce garin ba hayaniya, akwai itatuwa, amma tsayuwa gaban inji na cin ƙafa. Daga baya muka daina jinsa. Mu ma muka tashi daga Highbridge muka koma unguwar Flatbush, yaran suka girma suka koma kallon wasu abubuwan.

Labarinsa na ƙarshe a wurin wani mai sayar da turare na ji, ɗan garinsu, a wani taron suna. Ya ce Baba ya koma gida tun kafin shekarar dubu biyu, ya sayi injin niƙa ya sa a ƙofar gidansa, ɗansa na biyu ne ke kula da shi. Ya ce ƙafar ta ɗan matsa masa, da sanda yake zuwa masallaci, amma ban da wannan lafiyarsa ƙalau.